Ɗacin baki da ɗacin rai: abu ɗaya ne, ko suna kawai suka haɗa?

Ɗan_Adar84:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a ɗauke ta wasa. Shekara 11 na yi a Abijan, na fara da tura baro, daga baya na samu ɗan tebur. Abin da na samu duka gida nake aikowa. Bara na dawo Tawa na tarar yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya saida gonar fadama da mahaifinmu ya bar mana, wadda muke noman albasa a cikinta. Bai faɗa mini ba, a bakin maƙwabci na ji. Ba maganar shari'a na kawo ba, wannan manya sun shiga ciki. Abin da ke damuna daban ne. Tun daga ranar, in na tashi da asuba sai in ji bakina da ɗaci, ɗaci na gaske, kamar na tauna ganyen bedi, wato dogon yaro. In kurkure, in yi asuwaki, yana nan. In na hango shi a sahu a masallaci sai ya ƙaru. Shi ne nake tambaya: da Bahaushe ya ce "ɗacin rai", kwatance ne kawai ya yi, ko da gaske abin da ke cikin zuciya shi ne ke hawowa kan harshe? In kuwa haka ne, me ke fidda shi?

Hajiya_ta_Wadata:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanyaya maka. Ba ƙarya kake ba, ni shaida ce. Da maigidana ya rasu, duk tsawon takaba, wata huɗu da kwana goma, ban sa wani abu a baki na ji daɗinsa ba. Ƙanwata takan dama mini fura ta zuba sukari har ya kwanta a gindin kwano, in kurɓa in ji kamar an jiƙa sassaƙen maɗaci a ciki. Ban san ranar da ya tafi ba. Wata rana dai jikata ta miƙo mini ɓarin mangwaro, na ji zaƙinsa, sai na fashe da kuka.

Ƴar_Likita_Tawa:
Yayana, kafin a yi nisa, ka je likita a duba ka. Damuwa mai tsawo tana rage yawu, baki ya bushe, busasshen baki kuma yana sauya ɗanɗano. Sannan wanda ke kwana da tunani, ga rashin cin abinci a kan lokaci, ga shayi mai ƙarfi a kan yunwa, ruwan cikinsa na iya tasowa zuwa maƙogwaro da dare, ya wayi gari baki da ɗaci. Ciwon haƙori da wasu magunguna ma suna yin haka. Ban ce ba zuciya ba ce, amma zuciyar ta jiki take bi.

Mushe_Isa:
Tambayar nan ta yi mini daɗi, duk da dalilinta ba mai daɗi ba ne. Ku duba yadda Bahaushe ya raba ɗanɗano: zaƙi, tsami, yaji, bauri, ɗaci, garɗi. Kusan kowanne ya ara shi ya kai wa zaman duniya, amma bai haɗa su wuri ɗaya ba. In ma'aurata sun fara samun saɓani, cewa ake yi zama ya yi tsami. Matar da ta bar gidan miji cikin fushi, yaji ta yi. Mai iya lallashi yana da zaƙin baki. Ɗaci kuwa an ajiye shi ga abin da aka tilasta maka haɗiyewa ba ka so: rashi, cin amana, gaskiyar da ba ka shirya ji ba. Shi ya sa aka ce gaskiya ɗaci gare ta. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A lakwal mun koyi cewa kalmar Faransanci ta ɗacin kofi ita ce dai ake amfani da ita ga ɗacin rai, Larabci ma haka. Al'ummomin da ba su haɗa kaka ba suka faɗa kan kwatance ɗaya, ni a wurina wannan alama ce cewa wani abu ne da jikin ɗan Adam ke ji da gaske.

Bouzou_227:
Mushe, ni ban yarda ɗacin rai da baƙin ciki abu ɗaya ne ba, yadda Hajiya da Ɗan_Adar suka haɗa su. Na Hajiya rashi ne, Allah ne ya karɓi abinsa, babu wanda za ta riƙe. Na Ɗan_Adar kuwa akwai mutum a ciki, yana yawo, yana cin tuwo, yana tsayawa sahu ɗaya da shi. Wannan shi ne ɗaci. Na mutuwa baƙin ciki ne.

Hajiya_ta_Wadata:
Bouzou, kai yaro ne tukuna. Ka bari sai ka ga an fita da naka a makara sannan ka gaya mini sunan abin da ka ji a bakinka. Allah ya sa ka daɗe ba ka gani ba.

Bouzou_227:
Ki yi haƙuri Inna, ban yi nufin rage miki zafin rashinki ba. Allah ya jiƙan Baba.

Mushe_Isa:
Amma akwai ƙanshin gaskiya a maganar Bouzou. Muna da baƙin ciki, takaici, haushi, ƙunci, ɓacin rai, sannan ga ƙullaci. Haushi yakan zo ya wuce kamar iskar hunturu. Takaici shi ne ka ga abu ba ka da ikon yin komi. Ɗaci kamar shi ne abin da ke saura a baki bayan an riga an haɗiye.

Sarkin_Fawa_Ƙarami:
Bari in kawo muku tawa daga mahauta. Duk dabbar da muka feɗe, tunkiya ce ko saniya, abin da muke fara yi wa hankali shi ne maɗaciya. Ƴar jaka ce ƙarama, koriya, manne da hanta. Da bakin wuƙa ake ɗaga ta a hankali, a riƙe wuyanta da yatsa biyu, a cire a jefar. In yaro mai gaggawa ya fasa ta, duk inda ruwan ya taɓa ya tashi daga aiki, ko ka wanke sau nawa sai mai ci ya gane. Da layya kowace shekara sai an kawo mini hanta ana tambaya ko da dabara. Babu, sai dai a yanke wurin. To amma dabbar nan tana raye da maɗaciyarta shekara da shekaru ba ta cutar da ita ba. Ni abin da na lura da shi ke nan, ku masu ilimi ku fassara.

Ƴar_Likita_Tawa:
Haka ne Sarkin Fawa. Hanta ce ke yin ruwan, maɗaciya ajiya kawai take yi, tana sako shi cikin hanji don narkar da kitse. Mu ma muna da ita. Ba don ruwan nan mai ɗaci ba, da mai bai narke mana a ciki yadda ya kamata ba.

Ɗalibin_Magunguna:
Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni, bari in ƙara abin da muka karanta. A harshen mutum akwai na'urorin gane ɗaci kusan iri 25, alhali na zaƙi iri ɗaya ne tak. Dalili shi ne yawancin gubar da ke cikin tsirrai ɗaci gare ta, don haka jiki ya zuba masu gadi da yawa a wannan ƙofa. Jariri sabon haihuwa ma, in aka ɗiga masa abu mai ɗaci zai yamutsa fuska, ba wanda ya koya masa. Wato ɗaci gargaɗi ne: tofar, kada ka haɗiye. Wancan zane da ake nuna wa yara cewa bayan harshe ne kawai ke jin ɗaci, ba daidai ba ne, ko'ina a harshe yana ji. Kuma mutane ba ɗaya suke ba. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, ya gano wani gari da abokin aikinsa ke jin ɗacinsa ƙwarai, shi kuwa ba ya jin komi. Daga baya aka tabbatar abin gado ne.

Maman_Nafissa:
To shi ya sa ke nan. A gidanmu ni da yayata muna cin gauta ɗanye kamar dabino, ƙanenmu kuwa ko miyar da aka sa shi ba ya sha. Miyar shuwaka ma sai an wanke ganyen sau huɗu kafin ya taɓa.

Ɗalibin_Magunguna:
Gado na ciki Maman Nafissa, sabo ma na ciki. Yaro ya fi babba ƙin ɗaci. Wa ya fara cin goro ya ji daɗinsa ran farko?

Alhaji_Mai_Goro:
An zo wurina. Shekara 30 ina sayar da goro a kasuwar Katako ta Yamai. Goro ɗaci ne da bauri a farko, amma ka tauna ka kurɓi ruwa a kai ka ji yadda ruwan ke zama da zaƙi. Kuma ku lura, ba a ɗaura aure da alewa kaɗai, ba a raɗa suna sai da goro. Magabata da suka zaɓi abu mai ɗaci ya zama shi ne shaidar alheri, sun san abin da suke yi. Namijin goro ma ya fi shi ɗaci nesa, itacensa ma daban ne, amma tsofaffi shi suke nema.

Baba_Illela:
Ni ba na iya rubutu da waya, jikana ke rubuta mini. Ku yara kuna maganar ɗacin da mutum ya zaɓa, goro da gauta. Ni zan gaya muku ɗacin da ba a zaɓa ba. Anza. A yunwar 1984, da kuma ta 2005 da wasunku suka gani, mata kan fita tun duhun asuba su shiga daji su tsinko ƴaƴanta. A shanya, a ɓare, a fidda ƙwayar. In ka sa ta a baki a haka, ba ka iya haɗiyewa, kuma tana iya kayar da mutum. Sai a zuba a tukunya a jiƙa. Da safe a zubar da ruwan a sa sabo, da yamma a sake. Uwata takan kai kwana biyar, wani lokaci har mako, tana ɗanɗana ƙwaya ɗaya kullum da bakin haƙori tana tofarwa, mu kuwa muna zaune muna kallon tukunyar. Ga shi ruwan ma sai an je rijiya mai nisa. Ranar da ta tauna ba ta tofar ba, ranar muke ci. Da ita muka rayu. Har yau in na wuce ta a daji sai in ji yawuna ya sauya, kuma ban taɓa sare ta a gonata ba.

Zara_Konni:
Allahu akbar. Baba ka sa ni hawaye. Kakata ta ba mu labarin nan amma ba ta taɓa faɗin yadda ake yi ba, ba ta son tuna shi. Ɗan_Adar, ka ji fa. Ba a rana ɗaya ɗaci ke fita ba.

Bouzou_227:
Anza ba ta da wanda ya cuce ta, Zara. Ruwa kawai take buƙata. Shi wannan bawan Allah shekara 11 na guminsa aka haɗa da gonar ubansa. Ina ganin mun cika saurin cewa mutum ya yi haƙuri, musamman in wanda ya yi laifin shi ne babba. Ƙarami ne kullum ake ba kofin ya shanye.

Zara_Konni:
Ban ce ya bar haƙƙinsa ba. Shi da kansa ya ce manya sun shiga maganar gona. Bakinsa yake tambaya a kai.

Malam_Na_Zaure:
Assalamu alaikum. Akwai abu biyu da ake cakuɗawa, jin ɗaci da ƙullatar mutum. Na farko ba laifi ba ne. Annabi Yaƙuba, alaihis salam, ya ce haƙuri mai kyau zai yi, amma a cikin Suratu Yusuf ɗin dai aka ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, ya kuma ce yana kai kukansa ga Allah ne kaɗai. Kuma ku tuna, ƴaƴansa ne na cikinsa suka yi masa abin. Sannan ga Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya zo ya musulunta, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Yana cikin Buhari. An yafe, amma ganin fuskar yana tayar da ciwon. Don haka ɗana, kada ka ɗauka imaninka ne ya yi rauni don ka ji ɗaci in ka hango yayanka. Abin da aka hana shi ne ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, har a daina sallama. Ka yi masa sallama ko bakinka na ɗaci. Wani abu kuma da malaman Larabci ke nunawa: kalmar haƙuri a Larabci, sabr, tushenta ɗaya da sunan tsiron nan mai tsananin ɗaci da ake kira alobera.

Ɗan_Adar84:
Malam, wallahi maganar Wahshi ban taɓa jin ta haka ba. Na daɗe ina zargin kaina. Sallama ina yi masa, amma idona a ƙasa.

Aghali_Abalak:
Mu a wajenmu shayi uku ake yi, kun sani. Na farko ganye ne da ruwa kaɗan, ya daɗe a kan gawayi, ɗaci kamar me. Na biyu ya sassauto. Na uku sukari ya fi yawa, har yara ake ba. Ganyen dai ɗaya ne tun farko, ba a sauya shi, ruwa da sukari ake ƙarawa. Kuma baƙon da ya sha na farko ya tashi bai jira sauran ba, ba a jin daɗinsa.

Fada_Yantala:
A fadarmu kuwa na farkon ake rububi, na uku sai a ce ruwan alewa ne. Kowa da bakinsa.

Ƴar_Likita_Tawa:
Shayin farkon nan shi ne wanda nake roƙon Ɗan_Adar ya rage, musamman da dare kuma ciki babu komi.

Kawu_Bouza:
Tunda Ɗan_Adar ya ambaci ganyen bedi, bari in ce wani abu a kan itacen. Ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga Indiya aka kawo shi, amma yau wa zai raba mu da shi? Wasu su ce bedi, wasu dogon yaro, a Kano darbejiya. A kwarin Majiya, tun daga 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare iska, ina yaro muka ɗauki ruwa muka ba dashen. Yamai ma da shi aka yi mata ɗamarar itatuwa. Ɗacin nan nasa shi ya sa ƙwari ba su cika damunsa ba, shi ya sa kuma mata ke sa busasshen ganyensa cikin wake. Da zazzaɓi ya kama mu, shi ake tafasawa a yi mana surace.

Maman_Nafissa:
Ai duk abin da ke da ɗaci magani ne, haka muka taso muka ji. Maɗaci, tazargade, garahuni, sabara.

Ɗalibin_Magunguna:
A nan kam zan yi miki gardama, da girmamawa. Gaskiya ne magunguna da yawa suna da ɗaci. Kinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka aka samo shi, wasu masana biyu a Faransa suka tace shi a 1820. Nivakin da iyayenmu suka sha, kowa ya san ɗacinta. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu ma daga wani jinsin tazargade na ƙasar Sin aka fara samo shi, wadda ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma ɗaci ba shaidar magani ba ne. Rogo mai ɗaci yana da guba da ke kisa in ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba. Baba_Illela ya faɗi yadda anza take. Jiƙe-jiƙen da ake sha ba awo na iya taɓa ƙoda da hanta. Wani ɗacin magani ne, wani kuwa guba ce zalla, kuma harshe ba ya iya bambanta su.

Maman_Nafissa:
Na karɓa. Ni dai abin da na sani, da damina in masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓi na yara suka zo, sai na murƙushe ƙwayar a cokali da ɗan ruwa da sukari, in rungume Nafissa a cinya, tana kuka ina lallashi har ta haɗiye. Minti biyu ta manta, ta dawo ta hau jikina. Da na zo yaye ta ma, ɗaci na shafa a nono kamar yadda uwata ta yi mini. Ta kama, ta saki, ta kalle ni. Kallon nan har gobe ina ganinsa. Kamar tana cewa, daga wurinki? Ina ganin shi ne abin da ke damun Ɗan_Adar. Da bare ne ya saida gonar, da haushi kawai zai ji.

Mushe_Isa:
Maman Nafissa, kin faɗi abin da na kasa faɗa da dogon bayanina.

Bouzou_227:
Sai dai ita uwa don amfanin ɗiyar ta yi. Yayan nasa don amfanin wa?

Gwaggo_Madawa:
Ba mu ji ta bakin yayan ba fa. Ban ce yana da gaskiya ba. Amma shekara 11 shi ne a gida da tsohuwa, da rashin lafiya, da shekarun da gero bai yi ba. Mai aiko kuɗi ya san abin da ya aiko, na gida shi ya san abin da aka kashe. Na ga gidaje da yawa a nan Adar da tafiya nema ta raba haka, kowane ɓangare na ganin shi ne ya sha wuya. Wataƙila shi ma da nasa ɗacin yake kwana.

Ɗan_Adar84:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ƴar_Likita, na je an duba ni jiya, sun ce ruwan ciki ne ke tasowa, sun ba ni magani na mako biyu, sun hana ni shayin dare. Yau da asuba ɗacin ya ragu, ba zan ɓoye ba. Amma da na fito daga masallaci na ga takalminsa a bakin ƙofa, takalmin kawai, sai na ji abin ya dawo. Gwaggo, maganarki ta tsaya mini. Gaskiya ne jinyar tsohuwa shi ya yi ta, ni ban zo ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Ban taɓa tambayarsa nawa aka kashe ba, shi ma bai taɓa tambayata yadda nake kwana a Abijan ba. Da yamma ƙaramar ɗiyarsa ta kawo mini tuwo daga gidansu, kamar yadda take yi kowace Juma'a. Yawanci almajirai nake ba. Yau yana nan a gabana, ban buɗe ba tukuna.

Baba_Illela:
Jikana ya karanta mini. Miyar me aka yi?

Ɗan_Adar84:
Kuka ce Baba, da daddawa. Irin ta tsohuwarmu, matarsa a wurinta ta koya.